Kafin Ku Kai Ƙara

'Ya'yana, samari da 'yan matan Dungu, maganata ta yau a kan wurin neman abinci take, da irin saɓanin da ke tashi a can, da yadda ake kashe shi tun bai kai gaban alƙali ba.

Kada wani ya ce shi ba ma'aikaci ba ne don ba ya zama a ofis. Ku dubi karan rake guda, daga fadamarmu har ya isa hannun mai shansa a Damagaram, hannu nawa yake bi. Akwai mai lambu, akwai wanda ya yi ban ruwa, akwai masu sara da ɗauri. Mai amalanke ya fitar da shi bakin hanya, dillali ya yi ciniki, 'yan dako su loda, direba da yaron mota su ja. Kowane ɗaya cikinsu yana jiran haƙƙinsa daga wani, kuma duk inda hannu ya miƙa wa hannu, nan rigima ke iya tsirowa. Haka abin yake a shagon tela, a maƙera, a tasha, a gidan da yarinya ke aikatau. Magabata sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. To ina ga zo mu nemi kuɗi tare?

Ban hana kowa zuwa gidan shari'a ba. Don a je aka gina shi, kuma akwai maganar da can kaɗai ta dace, zan zo kanta. Amma ku yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Wanda ke bin jika biyar na ƙwadago, in ya ce shi sai kotun Matameye, zai biya kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, ya biya wa shaidunsa, ya bar aikin ranar, a ɗaga zama ya sake komawa. Ko ya yi nasara, ribar ta zube a hanya. Ga kuma abin da ba ya shiga lissafi: wanda ka kai ƙara ba baƙo ba ne. Sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci, wataƙila ƙanwarka na aure a gidansu, kuma baɗi war haka shi ne dai zai nemi masu sara. Alƙali na iya karɓo maka kuɗinka, amma ba aikinsa ba ne ya sa a sake kiranka aiki.

Na daɗe ina zama inda ake sasanta mutane, kuma na lura yawancin rigimar aiki ba mugunta ke haifar da ita ba. Kunya ce. Ranar ɗaukar aiki kowa na jin nauyin ambaton kuɗi. Yaro ya ce, "Haba Baba, ai duk abin da ka ba ni." Maigida ya ce, "Kada ka damu, ba za mu ɓata ba." Kowa ya tafi da nasa lissafi a zuci, yaro na hangen jika goma, maigida na ƙirga shida. Ranar biya sai kunyar nan ta gudu, a faɗa wa juna abin da ya fi maganar kuɗi nauyi sau goma.

Don haka ku yi magana tun da fari, da ladabi amma filla-filla. Aikin wuni ne ko jinga? In wuni ne, azahar ake tashi ko la'asar? Fura da abincin rana a kan wa? Yau ake biya, ko sai an sayar da kaya? Kai da za ka karɓi babur ɗin wani ka yi kabu-kabu, ku yanke abin da za ka riƙa kawowa kullum, ku faɗi wanda zai sayi taya da baƙin mai, da wanda zai biya in an kama babur, da yadda za a yi ranar da kake kwance ba lafiya. Kai da ke zaman shagon wani shekara da shekaru da fatan ya sallame ka da jari, ka tura babanka ko kawunka su ji daga bakinsa shekara nawa ne, kuma sallamar me da me ta ƙunsa. Mu nan kusa da iyaka akwai tambayar da mutanen Yamai ba su damu da ita ba: da wane kuɗi za a biya, sefa ko naira? Kun ga abin da ya faru a 2023. A watan Yuni gwamnatin Najeriya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta yi ta faɗuwa, a watan Agusta kuma aka rufe iyaka. Wanda ya yi aiki a kan naira, aka ja masa rai wata uku, kuɗin da ya karɓa ba su sayi hatsin da za su saya ranar da ya gama aikin ba. Maigida na rantsuwa ya biya cif, yaro na rantsuwa an cuce shi, kuma duk cikinsu babu maƙaryaci.

Wannan ba sabon abu ba ne da na ƙago. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta cewa kafin a ɗauki mutum aiki a san ladan, a san aikin ko wa'adinsa. Ku dubi iyayenku mata ma. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro daga jihar Maraɗi a 1991 suka bazu ƙasashe da dama, ba sa zuba ko dala a asusu sai sun zauna sun yarda da doka: nawa ne zubi, nawa ne tarar wadda ta makara, yaushe ake raba kuɗi. Shi ya sa za ku ga mata sun shekara suna juya kuɗi tare, maza uku kuwa su haɗa jari su watse kafin kaka.

In duk da haka saɓani ya zo, to kai da wanda kuka saɓa ku ne farkon masu sulhu. Ka same shi shi kaɗai. Ba a bakin kasuwa ba, ba a gaban yaransa ko matansa ba, ba lokacin da ya dawo daga rana da yunwa ba. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce, "Maigida, ina da 'yar magana in ka samu sarari." Mutumin da aka tsare a gaban jama'a ba gaskiya yake karewa ba, mutuncinsa yake karewa, kuma zai kare shi ko da ƙarya. Wanda aka samu a keɓe yana da damar cewa "na manta" ba tare da ya ji kunya ba. Ka bar masa wannan ƙofa ko da ka san bai manta ba. Kuɗinka kake nema, ba kunyarsa ba.

Ka kuma tsaya a kan abin da ya faru. "Na yi kwana shida, an ba ni na huɗu" magana ce da ake iya ƙirgawa a warware. "Kai dama macuci ne" ba ta da maganin da ya wuce a rama. Kada ka taɓo iyaye, kada ka taɓo asali, kada ka yi gorin abin da ya wuce. Ina kuma roƙonku da babbar murya a kan wayar nan: kada ku yi faɗa ta saƙon murya a WhatsApp. Da can magana zarar bunu ce, ta fita ba ta komawa, amma aƙalla iska na ɗauke ta. Yanzu tana nan ajiye, a tura wa wannan a tura wa wancan, har ɗan'uwanku da ke Libiya ya ji ya bugo yana zuga. Na ga maganar da dattawa suka kashe da safe, da yamma wani ya sake kunna tsohon saƙo, wuta ta dawo sabuwa.

Ku da Allah ya ɗaga kuka zama iyayen gida tun da ƙuruciya, mai shago da yara biyu, mai keken ɗinki da 'yan koyo, wannan nasiha ta fi hawa kanku. Yaro ya zo maka da koke, ka sani sai da ya kwana yana juya maganar kafin ya iya buɗe baki. In ka daka masa tsawa, ba ka kashe maganar ba. Za ta fito ta wata hanya, ko a aikin da zai riƙa yi da rabin zuciya, ko a kwastomanka da zai ja ranar da ya tafi.

To, in kun zauna ku biyu abin ya ƙi, sai a nemi na uku. A nan ina so ku bambance mutum uku da kuke yawan cakuɗawa. Akwai mai shiga tsakani: shi ba ya yanke komai, yana taimaka muku ne ku isa ga abin da ku biyu za ku yarda da shi, kuma kowa na da ikon cewa bai yarda ba. Akwai mai raba gardama: shi kun amince tun kafin ya ji maganar cewa abin da ya yanke ya zauna, don haka kada ka kai masa magana sannan ka tubure don bai ba ka gaskiya ba. Sai alƙali, wanda ba ya neman yardar kowa. Ka san gaban wa za ka zauna kafin ka cire takalmi.

Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa masu wannan aiki ba. Kowace sana'a da shugabanta: sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin aska, sarkin noma, sarkin kasuwa, sarkin tasha, yanzu ga shugabannin 'yan kabu-kabu da shugabannin ƙungiyoyin mata. Amfanin kai magana gare su shi ne sun san aikin daga ciki. Ba sai ka yi wa sarkin tasha bayanin kamasho ba, kuma ba wanda zai ruɗe tsohon manomin rake a kan damin da mutum ɗaya ke iya sarewa a wuni. Ka zaɓi wanda abokin rigimarka ke jin nauyinsa, ba wanda kai kaɗai kake so ba. In ka zo da kawunka, shi ya zo da nasa, kun tara rundunoni ne.

Bari in ba ku labarin Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, don ku ga nisan da wannan tsari ke iya kaiwa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna da mutanenta a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Ya tarar ana kawo shanu daga arewa, daga nesa ƙwarai, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, dukiya mai yawa, ba takarda, ba banki, ba zuwa kotu. Baƙo ya sauka wurin maigidansa, dillalan maigida su yi ciniki, maigida ya tsaya a kan bashin. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya baƙonsa, shi kuwa mahaucin ba zai sake samun saniya bashi a kasuwar ba sai ya sauke nauyin da ke kansa. In rigima ta tashi tsakanin Hausawan kansu, gaban Sarkin Sabo ake zuwa. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne kowa na bukatar ya dawo kasuwa gobe, kuma wanda ya take sulhu ya rufe wa kansa kasuwar. Ku riƙe wannan: hukuncin sarkin sana'a yana da ƙarfi ne muddin 'yan sana'ar na tsayawa a bayansa. Ranar da kuka fara ɗaukar wanda ya cinye kuɗin wani ya gudo wurinku, kun karya sandar da za ta kare ku gobe.

Gwanin sulhu, in kun lura da shi, ba ya gaggawa. Yakan ji kowa shi kaɗai kafin ya haɗa su. In an haɗu yakan bar ƙarami ya fara, don in babba ya riga magana yaro ba zai iya musa masa ba. Sannan yakan tona ya ga abin da ke ƙarƙashin maganar. A ce mutum biyu sun haɗa kuɗi sun sayi injin ban ruwa, suna ta faɗa a kan kuɗin mai. In aka bi a hankali sai a tarar man ba shi ne damuwar ba: ɗaya ne kullum ke ɗaukar injin da sanyin safiya, ya bar wa ɗayan tsakar rana. Ko ka raba kuɗin mai daidai wa daida, jibi za su dawo. A raba musu kwanaki, maganar mai ta mutu da kanta. Sau da yawa kuma wanda ya zo yana kukan jika biyu, zagin da aka yi masa gaban mutane ne ke cinsa, kuma "na yi kuskure, ka yafe ni" daga bakin maigida ta fi masa kuɗin. Wata rana ku za a kira ku zauna a wannan tabarma. Kada ku karɓi goron ɓangare ɗaya, kada ku yanke a zuci kafin ku ji na biyu, abin da kuka ji a zaure kuma ku bar shi a zaure.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne, don a nan ne mu manya muke yawan ɓata abin. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka tashi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya leƙo daga ɗakinsa, ya yi wa Ka'abu nuni ya yafe rabi. Ka'abu ya yafe. Nan take kuma ya umarci wanda ake bi ya tashi ya biya sauran. Sulhun nan gefe biyu gare shi: mai haƙƙi ya sassauta, wanda ake bi ya biya ba jinkiri. Mu kuwa mun riƙe gefen farko mun saki na biyu. Yaro ya kawo kukan an hana shi ladan wata uku, sai a tara dattawa, a ce masa, "Yi haƙuri, ai ubanka ne, ka bar wa Allah." A shafa fatiha, a watse. Maigida bai fitar da ko dala ba, ba a sa masa rana ba, yaro ya tafi da sunan an sasanta. Wannan kitso ne da kwarkwata. An rufe bakin mai rauni ne kawai don zaure ya yi shiru.

Haƙuri abu ne mai girma, amma kyauta ce da mai haƙƙi ke bayarwa da son ransa, ba haraji ba ne da ake karɓa daga talaka. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari ya halatta sulhu tsakanin Musulmi, ya cire wanda zai halatta haram ko ya haramta halal. Cin gumin ɗan ƙwadago haram ne, taron dattawa ba ya wanke shi. Saboda haka, ɗana, in an zaunar da kai aka ce ka yi haƙuri, ka ce, "Na ji, Baba, na kuma gode. Na yafe kaza. Sauran fa, yaushe za a ba ni, a hannun wa zan karɓa?" Wannan ba rashin kunya ba ne. Dattijon kirki zai ji daɗin tambayar, don ta sauƙaƙa masa aiki. Wanda ya ɓata rai da ita kuwa, ka gane inda ya karkata.

Akwai kuma abin da ba a kai shi zauren sulhu ko kaɗan. Ke 'yata da ke aikatau a Damagaram ko Kano, in maigida ko ɗan gida ya neme ki da lalata, ko aka yi miki dukan da ya bar rauni, ko aka kulle ki aka hana ki tafiya, wannan ba saɓanin aiki ba ne, laifi ne. Ki faɗa wa iyayenki, a je wurin jandarma ko alƙali. Ku kuma iyaye, kada a kawo muku 'yan kuɗi da goro a ce a rufa asiri. Asirin wa? Wanda aka rufa wa yau, gobe 'yar wani zai taɓa. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta hana neman mace da lalata a wurin aiki, ta kuma hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba.

Mai sulhu na bukatar ma'auni, in ba haka ba son rai zai auna da shi. Wanda ya yi karatun Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure ya san an yi maganar irin rigingimunmu tun fiye da shekara dubu. Mai sana'ar da ke karɓar kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa, kamar tela ko marini, in kayan suka salwanta a hannunsa shi ke biya. Ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana kan masu dabbobin. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma wanda ka ɗauka aiki yana yi a ƙarƙashinka amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in sakaci ya yi. Ka ga ke nan maigidan da ke zaftare ladan yaro duk lokacin da haƙorin garma ya karye, ba a kan komai ya dogara ba sai ƙarfi.

Hukuma ma ta san darajar zaure. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta ce rigimar gona, ko ta makiyaya, ko ta mashaya, ba a kai ta gaban alƙali sai an fara gwada sulhu wurin sarakunan gargajiya. Dokar sarauta ta 2015 ta sake tabbatar wa maigari da sarki wannan iko na sasantawa, tare da rubuta takarda, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Wato in ka tsallake maigari da fadar Kance ka wuce kotu da maganar iyakar gona, baya za a maido ka. Ku lura, ikon sasantawa aka ba su. In ba ka gamsu ba, ka nemi takardar rashin daidaitawa cikin ladabi, ka wuce gaba da ita, ba ka yi wa sarauta laifi ba. Wanda ya san abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoban 1991, inda rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara, ba zai raina zaman da ake yi a kan ɓarnar kuyya uku ta gero ba.

Ku da kuka yi lakwal kuka samu aikin albashi, a kamfani ko a wata ƙungiya, taku hanyar a rubuce take cikin dokar ƙwadago ta ranar 25 ga Satumba 2012. Inda ma'aikata suka haura goma suna zaɓen wakilansu, waɗanda kuke kira delege, su ne masu kai koke gaban shugabanni. In abin ya gagara a cikin gida, ma'aikaci ko mai ba da aiki na iya zuwa wurin sufeton ƙwadago, akwai ofishinsa a Damagaram, ya nemi a sasanta su. Ko an kai kotun ƙwadago, sai ta fara gwada sulhu kafin ta yi hukunci, kuma ba a biyan kuɗin shari'a a can. Ku adana takardar kwantaragi da takardun albashi, ku san cewa tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata, kada kuma ku yi ta jan jiki, don doka ta sa wa neman albashi wa'adi. Yajin aiki haƙƙi ne, amma shi ma doka ta sa a fara sanar da sufeto a gwada sulhu. Kukan da aka ƙi zama a kansa ba ya mutuwa, girma yake. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a jiharmu a watan Nuwamban 2011, wadda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikinta, Nijar na da 40, ma'aikatanta 'yan ƙasa sun daɗe suna kukan tazarar da ke tsakanin albashinsu da na baƙi. A watan Maris 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'an Sin uku na kamfanonin mai daga ƙasar, kuma wannan tazara na cikin dalilan da aka bayar. Maganar da ta faro a kan takardar albashi ta koma magana tsakanin ƙasa da ƙasa.

Manyan 'yan kasuwa ma sun dawo kan abin da kakanninku ke yi. Ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, har da Nijar, sun amince da doka guda kan shiga tsakani a Konakiri ranar 23 ga Nuwamba 2017, kuma cikin tanadinta akwai cewa abin da aka faɗa a zaman sulhu sirri ne, ba a ɗauke shi a kafa hujja da shi a kotu. A Kano, tun 2009 babbar kotun jiha ke da sashen sulhu na musamman. Ku da ke da hulɗar kasuwanci a can, ku san da shi.

'Yan cirani, ku ne na fi tausayi. Wanda ke aiki a Aljeriya ko Libiya ba takarda, ko a ramin zinariya a Jado, ba shi da sufeto, ba shi da maigari. In aka hana shi kuɗinsa ya ɗaga murya, shi za a kama. Dabararku ita ce kada ku bari haƙƙinku ya taru a hannun kowa. Ku karɓa mako-mako, ku aiko gida. Mai riƙe maka ladan kwana bakwai yana iya biya, mai riƙe na wata bakwai ya fara tunanin yadda zai rabu da kai. Kuna sauka gari ku nemi shugaban Hausawa ko na 'yan Nijar na wurin ku gaishe shi, tun ba ku da matsala. Ba ranar da ruwa ya kai wuya ake neman sanayya ba.

In Allah ya sa an daidaita, kada a tashi da fatiha kaɗai. A rubuta: wane zai ba wane kaza, ranar kaza, a hannun wane, gaban shaidu wane da wane. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Daga nan maganar ta mutu, ba a ba da labarinta a majalisa, ba a yi wa wanda ya sauko dariya. Kai da aka ba gaskiya, kai ya kamata ka fara zuwa gaishe shi washegari, don shi ne ke jin nauyin haɗa ido da kai.

Ku da kuka iya rubutu, in an kira ku rubuta takardar sulhu ku je, kada ku karɓi ko dala. Wanda kuma ya san akwai ladan ɗan ƙwadago a aljihunsa yanzu haka, don Allah ya neme shi ya biya kafin kasuwa ta sake ci.